Wa Ke da Waƙa, Mai Rera Ta ko Mai Riƙe da Takarda? Fashin Baƙi kan John Prine da Zaman Kai a Sana'ar Waƙa

A ƙarshen watan Mayun 2025 mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta ba da sanarwar cewa ta sayi kundayen waƙoƙinta 6 na farko. Duk inda labarin ya je, tambaya ɗaya ce ke bin sa: ta yaya mutum zai sa kuɗi ya sayi abin da ya fito daga bakinsa? Ita ta tsara, ita ta rera, to a hannun wa waƙoƙin suke tun da can, kuma da wane dalili? Da an fara wannan hira sai ka ji an jefo maganar "mawaƙi mai zaman kansa". Wani ya ce ai shi ne wanda kamfanoni suka duba suka ga babu riba a jikinsa. Wani ya ce a'a, jarumi ne da ya ƙi a mallake shi. Wani kuma ya ce yau kowa mai zaman kansa ne, tunda duk mai waya zai iya ɗora waƙa a YouTube.

Kowannensu ya taɓo wani gefe, amma babu wanda ya kai gindin maganar. Ita kuma Taylor Swift ba ta dace da misali ba, don dukiyarta tana rufe lissafin. Wadda za ta iya zaro ɗaruruwan miliyoyin dala ta fanshi kayanta ba ta nuna mana halin da sauran mawaƙa suke ciki. Wanda ya fi dacewa shi ne John Prine, wani mai raba wasiƙu daga gefen birnin Chicago da ya zama mawaƙi, wanda ya yi shekara kusan 10 a hannun manyan kamfanoni, sannan ya yi kusan 40 yana cin gashin kansa.

## Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce nau'in waƙar da Amurkawa ke kira fok. Asalinta waƙoƙi ne da talakawa suka gada baki da baki: na masu haƙar kwal a duwatsun Appalachia, na ma'aikatan jirgin ƙasa, na bayi da jikokinsu a gonakin auduga, na baƙin da suka ƙetaro daga Ingila da Scotland da Ireland da waƙoƙin kakanninsu. Ba a san wanda ya ƙirƙiri yawancinsu ba. A shekarun 1930 da 1940 Woody Guthrie ya riƙa ɗaukar tsohon kari yana zuba masa sababbin baitoci kan manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu. Zuwa shekarun 1960, zamanin Bob Dylan da Joan Baez, kalmar ta faɗaɗa ta ƙunshi duk wanda zai tsaya da jita ɗaya, ba tarkacen kayan kiɗa, ya ba da labarin mutanen da ba a jin muryarsu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mun san bambancin mawaƙin fada da mawaƙin jama'a, mun kuma san Ɗan Maraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana waƙar karen mota da rikicin ma'aurata. Shekara ɗaya ma aka haife su da Prine, 1946.

Ta biyu ita ce mawaƙi mai tsara waƙarsa da kansa. A wajenmu wannan ba abin faɗa ba ne, galibi mai rerawa shi ne mai tsarawa. A Amurka kuwa sana'o'i biyu ne. Frank Sinatra da Elvis Presley sun yi suna ne da waƙoƙin da wasu suka rubuta musu, kuma har yau a birnin Nashville, cibiyar sana'ar waƙa a kudancin Amurka, akwai mutanen da sukan yi sammako su tafi ofis su rubuta waƙar da ba su ne za su rera ba. Saboda haka wanda ya haɗa biyun yana da suna na daban, yana kuma da aljihu biyu.

Ta uku, zaman kai, ba ta da alaƙa da salon waƙa ko talauci ko yawan masoya. Magana ce ta takarda. Kamfanoni 3, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar faifai ta duniya. Mawaƙin da bai sa hannu da su ko da rassansu ba, shi ake kira mai zaman kansa. A ciki ma akwai hawa-hawa. Akwai wanda ke ƙarƙashin ƙaramin kamfanin wani, kuma ƙanƙantar kamfani ba ta hana shi tsuke wuyan mawaƙi. Akwai kuma wanda kamfanin nasa ne. Prine na wannan rukunin ne.

## Waƙa ɗaya, dukiya biyu

A idon dokar haƙƙin mallaka, duk waƙar da ka ji a waya dukiya biyu ce a ɗaure wuri guda. Ta farko waƙar kanta, baitoci da kari, wadda ta wanzu tun kafin a shiga situdiyo. Ta biyu muryar da aka naɗa a rana kaza, a situdiyo kaza, wadda daga jikinta ake fitar da duk sauran kwafi. Mu kira ta uwar faifai. Ta farko ta mai tsarawa ce, sai in ya sayar ko ya raba da kamfanin da ke tattara masa kuɗinta. Ta biyu, a al'adar kasuwar Amurka, ta wanda ya biya kuɗin naɗa ce, wato kamfanin faifai.

Mai shakkar cewa abubuwa biyu ne ya dubi Bob Dylan. A watan Disambar 2020 ya sayar wa Universal haƙƙin waƙoƙinsa sama da 600. Bayan haka Sony ta sayi iyayen faifansa. Waƙoƙi ɗaya, masu saye biyu, ciniki biyu. Haka Taylor Swift: baitocinta ba su taɓa zama abin rigima ba. Iyayen faifan ne suka tafi lokacin da aka sayar da Big Machine, kamfanin da ya fitar da kundayenta na farko, a 2019 kan kimanin dala miliyan 300, ba tare da ita ce mai saye ba.

Kowace dukiya da hanyar da kuɗinta ke bi. Duk wanda ya buga waƙarka a faifai, ko da wani ne ya rera, dole ya biya mai tsarawa wani kaso da doka ta yanke. Daga 1909 har 1977 kason nan santi 2 ne kacal a kan kowace waƙa a kowane kwafi. A 2023 ya kai santi 12. Gidajen rediyon Amurka na AM da FM kuwa mai tsarawa suke biya, ba sa biyan mai rerawa ko mai uwar faifai ko sisi. Wannan ƙa'ida, mai kama da zalunci ga mawaƙi, ita ce ta zama gatan irin su Prine, kamar yadda za mu gani.

## Mai raba wasiƙu na Maywood

An haifi John Prine ranar 10 ga Oktoban 1946 a Maywood, jihar Illinois. Mahaifinsa ma'aikacin masana'anta ne, amma shi da matarsa 'yan gundumar Muhlenberg ne a jihar Kentucky, ƙasar kwal, kuma can sukan kai yaran hutu, a wani ƙaramin gari mai suna Paradise a bakin kogin Green. Yayansa ne ya koya masa jita yana ɗan shekara 14. Da ya gama sakandare ya kama aikin gidan waya. A tsakiyar yaƙin Vietnam aka ɗauke shi soja, sai dai Allah ya sa Jamus ta Yamma aka tura shi, ya yi aikin kanikanci. Ya dawo ya ci gaba da sa wasiƙu a akwatunan ƙofar gida, yana tsara baitoci a ka yana tafe, don aiki ne da ƙafa ke yi, kai ba ruwansa.

Wata rana yana zaune a wani ƙaramin kulob na Chicago mai suna Fifth Peg, a daren da ake barin kowa ya hau dandamali, sai ya yi tsegumin cewa masu hawan ba su iya ba. Aka ce masa to bismillah. Ya hau ya rera uku daga cikin waƙoƙinsa, wuri ya yi tsit, shi kuwa ya ɗauka ya kwafsa. Mai kulob ɗin ya ba shi aiki. A watan Oktoban 1970 Roger Ebert, mai sharhin fina-finai na jaridar Chicago Sun-Times, ya faɗo wurin ba da shiri ba, ya ji shi, ya rubuta labarin mai raba wasiƙun da ke waƙa. Daga nan kujerun kulob suka daina zama wayam.

Me yake rerawa da ya sa mutane yin shiru? "Sam Stone" labarin soja ne da ya dawo daga yaƙi da rauni a jiki da jarabar ƙwaya, kuɗin gida na ƙarewa a allura, yara na kallo, har ta kashe shi. "Hello in There" ta wasu tsofaffin ma'aurata ce da 'ya'ya suka watse suka bar su, ɗaya ya mutu a yaƙin Koriya, babu mai leƙo su. A "Angel from Montgomery" ya ari bakin wata mata da ta manyanta, wadda aure da zaman gida suka ishe ta. "Paradise" kuwa ta garin iyayensa ce, wanda haƙar kwal ta cinye kewayensa har aka tashe shi a 1967, kuma bai ji tsoron kama sunan kamfanin haƙar kwal na Peabody a ciki ba. Abin da har yanzu ke ba ni mamaki shi ne saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta waɗannan. Bai tsufa ba, bai je Vietnam ba, ba mace ba ne. Ya dai yi shekaru yana tsayawa a ƙofar gidajen mutane yana lura.

A 1971 abokinsa Steve Goodman, shi ma mawaƙi, ya jawo fitaccen mawaƙi Kris Kristofferson cikin dare zuwa wani kulob bayan an tashi, an kife kujeru a kan tebura. Prine ya rera masa. Ba a daɗe ba Kristofferson ya kira shi dandamali a kulob ɗin Bitter End na New York, Jerry Wexler na kamfanin Atlantic yana cikin masu sauraro. Washegari aka miƙa masa kwantiragin dala 25,000.

## Lissafin kafin alƙalami

Ga mai albashin gidan waya, dala 25,000 a 1971 arziki ne. Sai dai irin wannan kuɗi ba kyauta ba ne, kafin alƙalami ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga yadda tsarin yake. Kamfani zai ba ka kuɗin hannu, ya biya situdiyo da makaɗa. A kan kowane faifan da aka sayar kana da ɗan kaso. Amma ba za ka ga ko santi daga kason nan ba sai an cire duk abin da aka kashe a kanka, kuma daga kasonka ake cirewa, ba daga cinikin gaba ɗaya ba. A ce kasonka ɗaya cikin goma ne. Kamfani zai iya mayar da kuɗinsa tuntuni daga sauran taran, ya fara cin riba, kai kuwa a littafinsa har yanzu ana bin ka bashi. Ranar da bashin ya ƙare ma, uwar faifan ba ta dawo hannunka ba. Kamar mutum ne ya biya kuɗin gida kaf daga albashinsa, takardar gidan ta ci gaba da zama da sunan banki.

Adalci ya sa a faɗi hujjar kamfanoni. Yawancin mawaƙan da suke ɗauka ba sa mayar da abin da aka zuba musu, kuma ba a bin wanda ya faɗi har gida a ce ya biya. Ƙalilan ɗin da suka yi kasuwa su ke ɗauke asarar sauran. Caca ce, in ji su, kuma mai zuba kuɗin caca shi ke da abin da aka ciyo.

Prine ya yi kundi 4 da Atlantic daga 1971 zuwa 1975, ya yi 3 da Asylum daga 1978 zuwa 1980. Masu sharhi sun yaba, 'yan'uwansa mawaƙa sun ɗauke shi malami, an laƙaba masa "sabon Dylan", laƙabin da ya zame wa mawaƙa da yawa na lokacin kaya. Amma babu waƙarsa ko ɗaya da ta mamaye rediyo da muryarsa. Murya ce mai kaushi, ta hanci, ba irin wadda masu talla ke so ba. A bangon kundinsa na farko ma an zaunar da shi a kan damin ciyawa kamar ɗan ƙauye, alhali yaron birni ne, abin da ya riƙa yi wa dariya daga baya. Ga kamfanin da ke neman miliyoyi, mawaƙi mai masoya tsayayyu amma ba su da yawa kaya ne mai nauyi. Ga shi kansa mawaƙin kuwa, waɗannan masoya sun isa su riƙe shi, muddin kuɗinsu zai iso hannunsa bai bi ta hannu bakwai ba. A kan wannan lissafi duk abin da ya biyo baya ya tsaya.

## Guntun gatarinka

A 1981, bayan ya koma Nashville, Prine da manajansa Al Bunetta da Dan Einstein suka kafa Oh Boy Records. Abin da suka fara fitarwa ƙaramin faifai ne ja mai waƙar Kirsimeti. Cikakken kundi na farko, Aimless Love, sai 1984. Ba su da motocin rarrabawa, ba su da mutanen da za su bi gidajen rediyo. Akwatin gidan waya gare su: ka aiko da kuɗi, a aiko maka da faifai. Tsohon mai raba wasiƙu ya koma cin abinci ta wasiƙa. Masoyansa har sukan aiko da kuɗin kundin da bai fito ba, abin da ya ishe shi biyan kuɗin naɗa na gaba. Yau ana yin irin wannan tara kuɗi ta intanet ana ɗaukarsa sabon abu. Prine da ambulan da kan sarki ya yi nasa.

A lokacin, manyan mawaƙa ba sa haka. Wanda ya buga faifansa da kansa ana kallonsa a matsayin wanda kasuwarsa ta mutu. Amma duba lissafin. Idan a hannun kamfani ɗaya cikin goma kake samu, a hannunka kuma rabi ko fiye ya rage bayan an cire kuɗin bugawa, to ko cinikinka ya ragu ƙwarai kana iya tashi da abin da ya fi na da. Kuma babu mai ce maka waƙar nan ta yi tsawo, ko a ƙara mata ganguna don rediyo.

A 1991 ya fitar da The Missing Years, wanda Bruce Springsteen da Tom Petty da Bonnie Raitt suka sa murya a ciki, ya ci kyautar Grammy ta kundin fok na zamani. Fair & Square na 2005 ya sake cin irinta. Amma abin da ya fi dacewa da tambayar da muka fara da ita shi ne kundin Souvenirs na shekarar 2000. Prine ya koma situdiyo ya sake rera tsofaffin waƙoƙinsa, har da na zamanin Atlantic, ya fitar da su a Oh Boy. Tsohuwar naɗa ta kamfani ce, waƙar kuwa ba tasu ba ce, don haka sabuwar naɗa sabuwar dukiya ce. Dabarar da Taylor Swift ta girgiza kasuwa da ita daga 2021, ta sake naɗa kundi 4, ita ce wannan. Prine ya riga ta da shekara 21, ba tare da hayaniya ba.

## Abin da ake mantawa in ana yabonsa

A nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin nan kamar tatsuniya. Prine bai fara zaman kai daga sifili ba. Abu uku ya shigo da su.

Na farko suna. Shekarun da ya yi a Atlantic da Asylum su suka kai faifansa shagunan garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Mutanen da suka riƙa aiko da kuɗi a 1984, a kan faifan 1971 suka san shi. Kamfanin da ya bari shi ya gina masa kasuwar da ya tafi da ita.

Na biyu alƙalami, kuma shi ne babba. Bette Midler da Joan Baez sun rera "Hello in There". Bonnie Raitt ta ɗauki "Angel from Montgomery" a 1974 ta mayar da ita kamar tata. Johnny Cash da John Denver sun rera "Paradise". Duk kwafin da aka sayar, duk bugun da rediyo ya yi, akwai kason mai tsarawa. Kuma da yawa daga cikinmu mun ji aikin Prine ba mu sani ba: Don Williams, wanda kaset ɗinsa ya daɗe yana yawo a motoci da shaguna a Najeriya, ya kai "Love Is on a Roll" matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, wato salon waƙar karkarar Amurka, a 1983, kuma Prine da Roger Cook ne suka rubuta ta. Su biyun suka sake rubuta wa George Strait wata da ta kai matsayi na ɗaya a 1998. Rediyon da ya ƙi muryarsa ya yi ta biyan alƙalaminsa. Mawaƙin da rerawa kawai ya iya ba shi da wannan rijiyar.

Na uku hanya da amintattun mutane. Ya yi rayuwarsa yana yawon wasa gari-gari, wani lokaci shi kaɗai da jita, wanda shi ne wasa mafi arha da mawaƙi zai iya ɗauka. Ofis kuma Al Bunetta ya riƙe masa har rasuwarsa a 2015. "Mai zaman kansa" ba ya nufin mai yin komai shi kaɗai. Wani dole ya zauna da lauyoyi da masu buga faifai da masu haraji.

Masu ganin ba sai an bi ta babban kamfani ba suna da hujjarsu: Ani DiFranco, wadda ta kafa Righteous Babe a Buffalo a 1990 tana kusan shekara 20, tana sayar da kaset a wuraren wasa, ta kuma ƙi duk tayin da manya suka kawo mata. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin da ta biya shi ne shekaru a kan titi ba hutu, kuma ana yawan kawo sunanta ne saboda irinta ba su da yawa.

## Zamanin waya: ƙofa ta buɗe, ɗakin ya cika

Abin da ya wahalar da Oh Boy a 1984, kai waƙa kunnen mai saurare, yau ba wahala ba ne. Da ɗan kuɗi kamfanoni irin su DistroKid da TuneCore za su ɗora maka waƙa a Spotify da Apple Music da sauransu, uwar faifai tana hannunka. Matsalar ta koma wani wuri. Sababbin waƙoƙi wajen 100,000 ake ɗorawa a irin waɗannan manhajoji a kullum. Spotify na raba kimanin kashi biyu cikin uku na kuɗin da ta samu ga masu haƙƙi, amma a tukunya ɗaya ake zubawa, a raba gwargwadon yawan saurare. Ma'ana, kuɗin wanda ya biya wata don ya ji mawaƙin fok ɗaya, yawancinsa wajen taurarin da bai taɓa kunnawa ba yake tafiya. Daga 2024 kuma, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba ta samun kason naɗa ko kaɗan. Tsarin Prine ya dogara ne da mutane kaɗan masu biya da yawa. Tsarin manhaja na son mutane da yawa masu biyan ƙiris. Shi ya sa masu irin waƙarsa a yau suka fi dogara da tikitin wasa da faifan garmaho da riguna, da shafuka irin Bandcamp inda mafi yawan kuɗin mai saye ke isa ga mawaƙi.

Ga mai saurare, sakamakon a fili yake: inda ka sa kuɗinka shi ke yanke irin waƙar da za a ci gaba da yi. Ga mawaƙinmu na gida kuwa, wanda waƙarsa ke yawo a Audiomack da TikTok da shagunan masu tura waƙa a waya, tambayoyin Prine ne dai da wata riga. Wa ya biya situdiyo? Mai kiɗan da ya haɗa sautin, aikin yini ya yi ko yana da kaso? Waƙar da aka yi wa fim, ta mai fim ce ko ta mai waƙa? Shafin YouTube ɗin da sunan wa aka buɗe? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta amince da sayar da haƙƙi ba sai a rubuce, amma yawancin cinikinmu da baki ake yi, sai waƙa ta yi kasuwa kowa ya tuna abin da aka ce daban. Akwai kuma bambanci ɗaya babba. A Amurka kamfani ne ke riƙe mawaƙi. A nan sau da yawa ubangida ne, mai mota da kujerar Makka, wanda ba ya neman uwar faifai, bakin mawaƙin yake saye. Waƙa irin "Paradise", mai kama sunan mai ƙarfi, tana wuyar fitowa daga bakin da aka riga aka biya.

## Lokacin da jiki ya gaza

A 1998 aka gano kansa a wuyan Prine. Aka yanke wani sashe na wuyan, jijiyoyin harshensa suka taɓu, aka yi masa gashi na makonni. Sai da ya yi kusan shekara yana koyon magana da waƙa, muryar ta dawo a ƙasa, ta ƙara kaushi. A 2013 aka sake cire masa wani ɓangare na huhun hagu. Mai horar da shi yakan sa shi ya hau bene ya sauko da gudu, yana haki ya ɗauki jita ya rera waƙa biyu. Mawaƙi ba ma'aikacin albashi ba ne ko a hannun wane kamfani yake. Ranar da ya kwanta, kuɗin wasa ya tsaya, abin da ke ci gaba da shigowa shi ne kason abin da ya mallaka. Babu kuma wani shugaban kamfani da zai duba dattijo mai karkataccen wuya ya ce lokacinsa ya wuce.

A watan Afrilun 2018, yana da shekara 71, ya fitar da The Tree of Forgiveness, kundinsa na farko na sababbin waƙoƙi cikin shekara 13. Ya shiga jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka a matsayi na 5, inda babu kundinsa na zamanin Atlantic ko Asylum da ya taɓa kusanta. A 2019 aka shigar da shi zauren girmama marubuta waƙa na Amurka, a farkon 2020 aka ba shi Grammy ta aikin rayuwa.

Cutar korona ta kama shi a watan Maris ɗin 2020, ya rasu ranar 7 ga Afrilu a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, yana da shekara 73. Waƙar ƙarshe da ya naɗa, a falon gidansa, "I Remember Everything", ta fito bayan wata biyu ta kuma ci Grammy 2 a 2021. Matarsa Fiona, 'yar ƙasar Ireland, da ɗansu Jody su ke tafiyar da Oh Boy, suna kuma ɗaukar matasan mawaƙa irin su Kelsey Waldon 'yar Kentucky, wadda Prine da kansa ya sa wa hannu a 2019. Duk abin da ya naɗa daga 1984 yana hannun iyalinsa. Kundin 1971 kuwa, mai hoton damin ciyawa, wanda ya ƙunshi waƙoƙin da aka fi saninsa da su, har yau da tambarin Atlantic yake fita.